Saba mai furosesa biyu: in sayi ta hannu ko in sa a haɗa mini?

Baban Ummi, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Kayan masarufi muke sayarwa a sari. Babban shago yana Terminus, rumbunmu a Farin Gada, sai reshe ɗaya a Bukuru. Lissafin kaya da rasit da bashin da muke bin 'yan kasuwa duk suna cikin manhaja guda mai aiki da SQL Server (manhajar Microsoft ta adana bayanai), kuma shekara biyar ke nan tana kan wata kwamfutar tebur a ƙarƙashin teburin akawu.

Litinin ɗin makon jiya aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, kwamfutar ta ƙi tashi. Da yaron da ke yi mana gyara ya kwance ta, sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a jikin fanka kamar auduga. Kwana biyu muna rubuta rasit da biro, direbobi na tsaye a bakin rumbu, ni kuwa ban runtsa ba, don bashin mutane sama da ɗari yana cikin faifan nan. Allah ya taimaka aka ceto bayanan, amma ba na fatan sake ganin irin ranar.

Yanzu saba nake so, wato babbar kwamfutar da sauran ke shiga don ɗaukar bayanai. An nuna mini Dell PowerEdge R740 ta hannu a Abuja, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Xeon biyu, RAM (ma'adanar wucin gadi) 128GB. Shi kuma mai gyaran ya ce in ba shi kuɗin ya haɗa mini da hannunsa, za ta fi araha. Mutum 22 ne ke shiga manhajar. Wanne za ku ba ni shawara?

Injiniyan Wuse

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. R740 inji ne na gaske. A 2017 ta fito, tana da gurbin RAM 24, tana ɗaukar gidan wuta biyu, ɗaya ya ƙone ɗayan ya riƙe ta, ga iDRAC da zai ba mai gyaranka damar duba lafiyarta daga gida. Sai dai mutum 22 ba sa bukatar furosesa biyu, kuma na biyun zai ci maka kuɗi ta inda ba ka zata ba.

Tun daga Windows Server 2016, wato Windows ɗin da ake sa wa saba, Microsoft ba ta lissafa lasisi da yawan furosesa, da yawan kor take lissafawa, wato ƙananan kawunan da ke cikin kowane furosesa, kuma mafi ƙanƙantar lasisin da za ka saya na kor 16 ne. In kowanne cikin biyun nan yana da kor 20, lasisin kor 40 za ka biya, alhali aikinka ba zai motsa ko rabinsu ba. SQL Server Standard kuma ana iya sayen sa da lissafin mutanen da ke shiga maimakon kor, to ka sa a kwatanta maka duka biyun. Ka tambayi mai sayarwa ainihin lambar furosesan tukuna.

Tana aiki da furosesa ɗaya, amma ka sani in an cire na biyun, gurbin RAM 12 da wasu guraben kati sun tafi tare da shi. Kada a bar RAM a ɓangaren da babu furosesa, injin ba zai gan shi ba.

Maman Haidar, Rayfield

Alhaji, abin da ya kashe kwamfutarka wuta ce da ƙura, ba ƙarancin ƙarfi ba. Na yi shekaru ina kula da saba a ofishinmu, kuma ba ta taɓa zama ƙarƙashin tebur. Ƙarar fankokinta kaɗai ba za ta bar akawunka ya amsa waya ba. Ɗaki take so nata, a rufe, a toshe ƙasan ƙofa. Sanyin Jos yana taimaka mana, amma daga Disamba zuwa Fabrairu duk wata nake sa a hure ta.

UPS kuwa, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ka nemi irin wanda kullum ta batir wutar ke ratsawa kafin ta isa injin, shi ne ba ya barin ko ƙiftawa ta wuce lokacin da ake juyawa zuwa janareta. Ka kuma yi lissafin mita: in sabar tana cin wat 300, yunit 7.2 ke nan a rana. A farashin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, ka haura naira 48,000 a wata.

Kada ka yarda da tsofaffin faifan da ke cikinta. Sa sababbin faifan SSD biyu a tsarin RAID 1, kowanne yana kwafar ɗan'uwansa. Ko da hakan, in wani ya goge lissafi bisa kuskure, duka biyun zai goge. Kullum da daddare kwafi ɗaya ya tafi Bukuru ko intanet, kuma ku riƙa gwada dawo da shi.

Ɗan Banex

Ni ina haɗawa, allon Supermicro da furosesa AMD EPYC guda ɗaya, RAM mai ECC, wato mai gyara kuskure da kansa. EPYC na 2019 ma akwai mai kor 64 a furosesa ɗaya, shi ya sa na rage sha'awar masu biyu. Amma ranka ya daɗe, ranar da allon ya samu matsala a Jos, wa ke da irinsa a ajiye? Kayan Dell da HP ana samunsu a Abuja da Ikeja. In yaronka bai taɓa haɗa saba ba, kada ya koya da littafin bashinka.

Baban Ummi, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai sayarwar, ya ce zai turo lambar furosesan yau. Akwai ƙaramin ɗaki a bayan ofis da muke ajiye kwali, gobe zan sa a kwashe shi. Hajiya, UPS ɗin mai ƙarfin nawa zan nema in saba ce da rauta (na'urar raba intanet) kaɗai a kansa?