Shawarwari kan shekarun ritayar matuƙan jiragen sama a Amurka

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu, mahalarta sun fi tsayawa kan matuƙan kamfanin United Airlines, waɗanda suka rasa kaso mai tsoka na fanshonsu bayan da bashi ya yi wa kamfanin katutu, aka miƙa asusun ga PBGC, hukumar gwamnatin Amurka mai inshorar fansho, a 2005. Da yake hukumar tana rage kuɗin wanda ya ajiye aiki yana ɗan shekara 60, alhali dokar wancan lokacin ce ta tilasta masa, galibin mahalartan sun goyi bayan ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 da aka yi a Disambar 2007. Mataimakan matuƙa sun koka cewa hakan na jinkirta musu ƙarin girma, kuma kukansu na da hujja. An ba da shawarar a riƙa duba lafiyar dattawan matuƙa duk wata shida, kowa kuma ya yi tanadinsa daban da na kamfani.