'Yata mai sikila ta samu jami'a kuma za ta fita daga inshorar babanta: TISHIP kaɗai ya isa?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku ba ni shawara. 'Yata ta samu gurbin karatu a wata jami'ar tarayya, tafiyar awa huɗu daga gida. Tana da sikila, SS ce. Duk shekarun nan a ƙarƙashin inshorar babanta take, shi ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, amma watan jibi za ta cika 18, kuma an ce daga nan sunanta zai fita. A takardar kuɗin rajista na ga an rubuta TISHIP, wai inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu. Shin wannan ya ishi mai irin lalurarta, ko mu saya mata wata inshorar daban? Idan ciwon ya tashi tana gida lokacin hutu fa? Kuɗin a ƙididdige yake, ba ma son mu biya abu biyu masu aiki ɗaya.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Hajiya ki kwantar da hankalinki, ai yaro yana cikin inshorar mahaifinsa har ya gama karatu.

Malam Tebur:
A'a Abu Sadik, kada ka sa baiwar Allah ta saki jiki. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ko yaro yana karatu ko ba ya yi, shekaru ake dubawa. Aikina ke nan, teburin inshora a asibiti, kullum sai an dawo da wani saboda wannan.

Hajiya, TISHIP tsari ne na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda a da ake kira NHIS, ta koma NHIA da dokar 2022. Makaranta ce ke karɓar kuɗin tare da na rajista, ta ɗauki kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da biyan asibitoci kuɗin jinya. Asibitin makaranta shi ne matakin farko: ganin likita, zazzaɓi, gwaje-gwajen yau da kullum, magungunan da ke cikin jerin hukuma. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su rubuta takardar turawa babban asibiti, a kira HMO ta ba da lambar izini, wato abin da muke cewa kod. Ba kod, ba aiki, sai dai ku biya daga aljihu. A lokacin da na duba na ƙarshe, kuɗin da hukuma ta sa mafi ƙanƙanta naira 2,000 ne a shekara. Ki raba shi gida goma sha biyu, bai kai naira 170 a wata ba. Daga nan ke ma kin san iya nisan da zai kai mai sikila.

Ɗan Aluta:
Naira 1,600 ne fa, ba 2,000 ba.

Malam Tebur:
Wancan tsohon farashi ne, ɗana. An daɗe da barinsa.

Hajiya Larai:
To ni rasit ɗin da na gani ya fi duk abin da kuke faɗa nesa ba kusa ba.

Malam Tebur:
Saboda makarantu da yawa suna da layi biyu: kuɗin asibiti daban, TISHIP daban. Wasu kuma su haɗe su a layi ɗaya. Ki duba rasit ɗin da kyau.

Baban Walid:
Ku daina wahalar da kanku da lissafin ɗari huɗu. Maganar ita ce ranar da ake buƙatarsu, suna nan? Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan aji biyu a wata jami'a, ba zan ambaci sunanta ba. Daren Juma'a cikinsa ya murɗa, abokansa suka kai shi asibitin makaranta, aka ce afendis ce, a wuce babban asibiti. An ba su takarda. Can aka nemi kod. Aka yi ta kiran lambar kamfanin, ba a ɗauka. Da aka samu wani da safe, sai ya ce sunan yaron ba ya cikin jerin da makaranta ta turo musu na wannan zangon. Yaron da ya biya kuɗinsa tun farkon shekara! Uban ɗan fansho ne, sai da ya sayar da tumakin da yake kiwo aka yi aikin ranar Lahadi, lokacin abin ya riga ya fashe, kwanciyar kwana uku ta koma ta mako biyu. Aka ce ya kawo rasit za a mayar masa. Ya kai. Makaranta ta ce kamfani, kamfani ya ce makaranta ba ta tura kuɗin zangon ba. Har yaron ya gama ya tafi bautar ƙasa ko sisi ba su gani ba. Wannan shi ne TISHIP ɗinku.

Hajiya Larai:
Innalillahi. Allah ya isa wallahi.

Abu Sadik:
Shi ya sa ni ban yarda da inshora ba sam. Ka ajiye kuɗinka a gefe ya fi.

Ɗan Aluta:
A ajiye a ina, Yaya? Kuɗin da ko wake da shinkafa ba ya kaiwa ƙarshen wata? Mu a hostal inshorarmu ɗaya ce: farasitamol da addu'ar Hajiya.

Baban Walid:
Ka yi dariya yanzu. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ku tambayi duk wanda ke da yaro a makaranta. Maganin ma idan an rubuta, sai a ce babu a famasi, je ka saya a waje.

Malam Tebur:
Alhaji, abin da ya samu yaron nan ba daidai ba ne, kuma ya saɓa ƙa'idar yanzu ta fuska biyu. Na ɗaya, a larurar gaggawa ba a jiran kod. Ana fara aiki, a nemi izinin cikin awa 48. Na biyu, tun Afrilun 2025 hukuma ta ba kamfanonin HMO umarnin su fitar da kod cikin awa ɗaya. Inda aka fi samun matsala shi ne wancan jerin sunayen. Biyan kuɗi a banki ba shi ne rajista ba. Dole yaro ya je asibitin makaranta da rasit da hoto, a buɗe masa fayil, a ba shi kati ko lamba. Sannan ya tambayi sunan HMO ɗin, ya kira su da kansa tun yana da lafiya, ya ce ga lambata, sunana ya iso gare ku? In bai iso ba, ya koma wurin jami'in TISHIP na makaranta. Kuma kowace makaranta ya kamata a ce tana da kwamitin kula da tsarin, da wakilin ɗalibai a ciki. Koke kuwa a rubuce ake kai shi ofishin NHIA na jiha, da kwafin rasit da takardar turawa. Kada a taɓa ba da rasit na asali ba tare da an riƙe kwafi ba.

Baban Walid:
Malam, kai cikinsu kake, dole ka kare su. Ƙa'ida a takarda daban, ƙarfe biyun dare a bakin tiyata daban.

Malam Tebur:
Ni asibiti nake wa aiki, ba kamfani ba. Mu ma bashi muke bin su.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri, kun bar yarinyar mutane kun koma afendis. Maman Ummi, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗa miki abin da zai yi mata amfani ko da wace inshora kuka ɗauka.

Kafin ta tafi, likitan da ke ganinta a asibitin masu sikila ya rubuta mata cikakken rahoto: rukunin jininta, yawan jininta na lokacin da take lafiya, wato PCV ɗin da ta saba zama a kai, sau nawa aka taɓa ƙara mata jini, maganin ciwon da ke yi mata aiki da wanda jikinta ba ya so. Wannan adadin na PCV yana da muhimmanci ƙwarai, domin mai sikila tana iya zama lafiya lau a kan adadin da zai firgita likitan da bai san ta ba, ko kuma ya faɗi sosai a ɗauka haka take. Kwafi ɗaya a fayil ɗinta na makaranta, ɗaya a jakarta, hotonsa a waya.

Magungunan kullum ta tafi da na zango guda daga gida: folik asid, da na rigakafin maleriya idan likitanta ya ɗora ta a kai. In tana shan hydroxyurea, kada ki sa rai za ta same shi a famasin makaranta, kuma shi yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, sai a tsara inda za ta riƙa yi. Da rahoton nan za ta je sashen kula da harkokin ɗalibai ta nemi ɗaki a ƙasa da gadon ƙasa, kusa da ruwa. Gidan sauro, kayan sanyi saboda hunturu, gorar ruwa a hannu kullum. Ta samu mutum biyu a ɗakinsu da suka san halin da take ciki. 'Yan mata suna ɓoyewa saboda kunya, nan ne ake makara. Zazzaɓin da ya kai 38, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko idon da ya ƙara yin ɗorawa da kasala mai yawa, ba a jiran gari ya waye. Kuma don Allah ki ja mata kunne kan allurar fenta mai kashe ciwo a kemis. Da yawa daga nan suka kamu, ciwo ya tafi allura ta zauna.

Shawarata a kan tambayarki: TISHIP zai ishe ta zazzaɓi da ƙarin ruwa a makaranta. Kwanciya mai tsawo, ƙarin jini da hutun gida, ki nemi na biyu.

Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri Anti. Na biyun wanne ke nan, kuma nawa?

Malam Tebur:
Hanya uku ce. Babanta ya je ofishin NHIA ya tambayi yadda ake ƙara mutum a kan fayil ɗinsa da biyan kuɗi daban, wannan zai bar ta a asibitin da aka san ta. Ko GIFSHIP, wani tsarin NHIA wanda kowa ke iya saya da kansa. Ko hukumar jiharku, irin su KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, SOCHEMA a Sakkwato. Sai dai ta jiha galibi a asibitocin jihar take aiki, ga hutu ta yi, ga makaranta ba lalle ba. Kowanne kuka zaɓa, ku fara yanzu, domin akwai lokacin jira, ba ranar da aka biya ake fara ganin mutum ba.

Abu Sadik:
GIFSHIP naira 15,000 ne a shekara.

Hajiya Larai:
45,000 dai. Haka aka faɗa a ofishinsu.

Famasis Bello:
Duk ku biyun kuna da gaskiya, kuma duk kun tsufa a labari. Da aka ƙaddamar da shi a 2020, kan mutum ɗaya 15,000 ne, amma mai shiga shi kaɗai sai ya biya 45,000, kuɗin mutum uku. Yanzu an ƙara, kan mutum ɗaya ya haura dubu talatin. Hajiya ki je ofis a rubuta miki na yau. Ki kuma tambaye su baki da baki: hydroxyurea yana ciki? Jini leda nawa? Kwanciya kwana nawa a shekara? Kuma ki tuna a tsarin ma'aikata ana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, ki tambaya ko nan ma haka ne. Amma ni ban goyi bayan a kwaso maganin zango guda ba. Ɗakin hostal a watan Afrilu tanda ne, magani yana lalacewa. Na wata biyu ya isa, a riƙa aika mata.

Anti Nas:
Malam Bello, a riƙa aikawa da wa? Direban tasha? Ranar da ya ƙare ana tsakiyar jarabawa ba za ta faɗa ba. Mu ne muke karɓarsu a gado, mun san yadda ake yi.

Famasis Bello:
Mu kuma mu ne muka san abin da zafi ke yi wa ƙwaya. Kowa da fanninsa, Anti.

Ɗan Aluta:
Likita bai zo ba an fara rabon gado. Hajiya ki sayo firji kawai, sai mu riƙa ajiye mata zoɓonmu a ciki.

Hajiya Larai:
Kai dai Allah ya shirye ka. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne gwajin shiga. Yaro ya zo da sakamakon jinsin jini da rukunin jini da hoton ƙirji daga asibitin koyarwa, da hatimi da komai, a ce ba a karɓa, sai an sake a nasu, a sake biya. Jinsin jini yana canzawa ne daga gari zuwa gari?

Famasis Bello:
Ba ya canzawa, amma takardun bogi sun yi yawa, kuma ƙananan ɗakunan gwaji suna kuskure. An sha ganin wanda aka ce AA ne ya koma AS.

Hajiya Larai:
To a sake wa wanda ake shakka. Kuma tunda an karɓi kuɗin asibiti a rajista, na mene ne wani kuɗin gwaji?

Baban Walid:
Yawwa, yanzu kika zo wurin. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas jami'o'in gwamnati a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wa ya ji an mayar wa ɗalibi kuɗin asibitin wannan lokacin?

Anti Nas:
Tunda an taɓo jarabawa, Maman Ummi ki riƙe wannan: idan ciwo ya hana ta rubuta wata takarda, rahoton asibitin waje shi kaɗai ba ya wadatarwa a yawancin makarantu, sai daraktan asibitin makaranta ya sa hannu, a kai sashenta da wuri. In aka yi jinkiri kariyoba ce.

Ɗan Aluta:
Wani malamin ko daga ɗakin tiyata aka kawo ka cewa zai yi ka haɗu da shi baɗi.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai. Babanta zai je ofishin ranar Litinin. Amma har yanzu ban gane ba, in tana gida hutu ciwon ya tashi da dare, katin makarantar zai yi aiki a asibitinmu ko kuwa?

Malam Tebur:
A ƙa'ida, in gaggawa ce kuma asibitin yana da rajista da NHIA, eh, a kira HMO ɗin makarantar.

Baban Walid:
A ƙa'ida.

Hajiya Larai:
Ni dai a ba ni amsar kuɗin gwajin nan tukuna. Hoton ƙirjin ma nawa ake karɓa a naku makarantun?