Zango kafin ya haɗe da Birni: ina tarihi, ina almara?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Manya na cewa Zangon Zinder da can gari ne mai zaman kansa, daga baya birni ya haɗiye shi. Yaushe aka kafa shi, su wa suka fara zama? Labarin maharbi da maciji kuma na Zango ne ko na Birni? Mai son rubuta wannan don ƴan lakwal, ta ina zai fara?

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da sarakuna, don a jikinsu ake rataya shekaru. Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga Malam Yunus a ƙarni na 18, a can gabas. Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ne ya dawo da gadon sarauta Zinder wajen 1812, lokacin tana ƙaramin ƙauye a tsakanin duwatsu. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa a shekarun 1850, a zamaninsa kuma aka ƙera igwa a garin.

Zango kuwa sunansa ya faɗi aikinsa: masaukin ayari ne a arewa da ganuwa. Abzinawa, musamman Kel Ewey, da fataken Gadamas nan suke sauke raƙuma, da gishirin Bilma da kayan Tarabulus, su koma da fatun da aka jeme da gashin jimina da bayi. Raƙuma ɗaruruwa ba sa shiga lungunan Birni, sarki ma ya fi son baƙo mai takobi ya kwana a waje. Bukka ta zama ɗakin ƙasa, ɗaki ya zama soro. Attajirin da ya fi suna a ƙarshen ƙarnin shi ne Malam Yaro.

Haɗewar aikin zamanin Nasara ce. An kashe kaftin Cazemajou, sojan Faransa, a nan a watan Mayu 1898, Faransawa suka ci yaƙin Tirmini a Yuli 1899 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar Nijar, bariki da ofisoshi da kantuna suka cike filin da ke tsakanin garuruwan biyu. A daidai lokacin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya karye, Zango ya tashi daga masauki ya koma unguwa.

Hajiya ta Birni:
Malam ya yi daidai. Batun maciji, ɗana, na asalin Zinder ne, ba na Zango ba. Ana cewa maharbi ne ya tarar da ƙaton maciji a bakin ruwa cikin duwatsu, sunan garin ya fito daga kalmar da aka furta don girmansa. Wasu kuma su ce sunan maharbin ne kansa. Ka rubuta duka biyun, kowanne da wanda ya faɗe shi, kada ka narka su su zama ɗaya. Maharbi da maciji da ruwa suna nan a labarin kafuwar garuruwa da yawa, rijiyar Kusugu ta Daura ce kowa ya sani. Abin da irin wannan labari ke nunawa shi ne inda ruwa yake da gidan da ke cewa shi ya riga kowa, shekara kam ba ta fita daga cikinsa.

Kuma ku daina tsayawa a zaure kaɗai. Waƙar daka da kirarin gida da jerin auratayya suna wurin tsofaffin mata, a nan ake gane gidan da kakarsa ta fito Abzin.

Mushe Mai Ritaya:
Ga yadda ake aikin. A fara gaida mai unguwa da goro, shi zai nuna gidaje. A zaɓi tsofaffi kamar goma daga gidaje dabam-dabam, a zauna da kowa shi kaɗai. In an tara su, mai sarauta ko mai baki ne zai yi magana, saura su ce "haka ne". Zama ɗaya kada ya wuce minti 45, a koma bayan sati a sake tambaya ɗaya ta wata hanya. A farkon kowace ɗaukar murya a faɗi ranar, da wurin, da wanda mai magana ya ji labarin daga gare shi.

Kada a ce "wace shekara?", za a ba ka lamba don a sallame ka. A ce "zamanin wane sarki?", ko "kafin Kakalaba ko bayanta?", wato yunwar 1913 zuwa 1914. Wajen ƙirgen zuriya a ba kowane uba shekara 25 zuwa 30, amma a yi hattara: "kakana" na iya nufin kakan kaka, kuma jerin masu unguwa yakan haɗa wa da ƙane kamar uba da ɗa, sai tarihi ya yi tsawon banza.

Takardun ajami da ke cikin gafaka a ɗauki hotonsu a inuwa, kada a liƙa musu salatif, yana cin tawada. A ɗaga takarda a haske: in an ga jinjirin wata uku a jikinta, takardar Italiya ce da ta biyo Tarabulus. Wannan na nuna hanyar da ta biyo, amma an daɗe ana yin irinta, ba ta isa ta tsayar da shekara ba.

Mai Alƙalami:
Ƙari kaɗan, Mushe. Turawa biyu sun sauka a nan sun rubuta abin da suka gani: Richardson a farkon 1851, Barth a ƙarshen 1852. Littafin André Salifou na 1971 kan Damagaram shi ma a duba shi, sai rahotannin kwamandoji da ke ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, a tuna dai ta bakin tafinta aka rubuta su. Abu biyu ke jawo rigima: maganar wa ya riga wa zama, don tana taɓa filaye da rawani, da maganar asalin bauta. Na biyun kada a sa sunan gida a takarda sai masu gidan sun yarda da bakinsu.