Wane suna za mu ba kuɗin da ke bin ƙungiya bayan ta sallami ɗan wasa?

1/ Jama'a, ku zo mu yi shawara a kan kalma. Daren jiya a majalisarmu ta bakin gidan kallon ƙwallo a Ƙofar Ƙaura, an tashi wasa an kashe janareta, sai ƙanena ya miƙo mani waya ya ce, "Yaya, fassara mana wannan." Labari ne na ƙwallon Amurka, irin zari-rugar nan da ake sa hular kwano ana gware. Kalmomi biyu suka tsaya mani a maƙoshi: "salary cap" da "dead money". Na san abin da suke nufi, amma sai da shayina ya huce ban gama bayani ba, don ba ni da sunan da zan kira su da shi.

2/ Ta farkon ba ta wahalar da mu ba. Gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, tana da ƙungiyoyi 32, kuma kowace shekara ana yanka masu adadi ɗaya da babu wadda za ta wuce shi wajen biyan 'yan wasanta. Da aka fara a 1994 dala miliyan 34.6 ne. A 2024 ya kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Mai kuɗi da talaka a cikinsu, tiya ɗaya ake auna masu da ita. Wani ya ce "rufin albashi", muka ce wannan Turanci ne aka sa wa hula. "Iyakar albashi" ba laifi, sai dai mai ji zai ɗauka albashin mutum ɗaya ake nufi. Muka tsaya a kan gejin albashi. Kowa ya san geji, kuma kowa ya san abin da ake nufi in an ce mutum ya wuce shi.

3/ 'Yan Barcelona sun riga sun ɗanɗana, ko da ba su san sunan ba. Geji ne ya hana a yi wa Messi rajista a watan Agustan 2021 har ya tafi PSG. Bambancin kawai, a La Liga kowace ƙungiya da nata gejin gwargwadon abin da take samu, a NFL kuwa na kowa ɗaya ne.

4/ Ta biyun ce ta hana mu tashi. Kafin in kawo sunayen da aka bayar, bari in shimfiɗa yadda abin yake, don yawancin sunayen da suka faɗi a nan suka faɗi.

In ƙungiya ta ɗauki babban ɗan wasa, ban da albashi akwai dunƙulen kuɗi da take damƙa mashi ranar da ya sa hannu. Wannan kam muna da sunansa tun kaka da kakanni: kafin alƙalami. Kuɗin sun fita daga asusu a ranar, sun shiga aljihunsa. Amma a littafin geji ba a rubuta su gaba ɗaya. Ana yanka su daidai-wa-daida a kan shekarun kwantiragin, iyaka shekara biyar.

Misali na ƙirƙira don lissafi ya fito: kafin alƙalami miliyan 20, kwantiragi shekara biyar. Kowace shekara miliyan 4 ke cin wuri a geji. Ya buga shekara biyu, ƙafa ta yi sanyi, aka ce ya kama gabansa. Miliyan 8 an riga an lissafa. Saura 12. Waɗannan 12 ɗin ba sa bin shi su tafi. Suna tattarowa su faɗo gaba ɗaya kan gejin shekarar da aka sallame shi. Haka duk wani albashi da aka yi mashi alkawarin sai an biya ko yana nan ko ba ya nan, shi ma ya hau kai. Ga mutum ya tafi, wataƙila ma yana buga wa abokan hamayya, ga sunansa zaune daram a littafinku ya tare wurin da za ku ɗauki wani.

5/ Akwai 'yar rangwame. In aka sallame shi bayan 1 ga Yuni, ko aka rubuta sallamar a matsayin ta bayan 1 ga Yuni, wanda ake yarje wa kowace ƙungiya ta yi wa mutum biyu a shekara, to bana a ɗauki 4, baɗi a ɗauki 8. Ba a rage ko sisi ba, kaya ne aka raba sawu biyu.

6/ To ga labarin da ke cikin wayar. Ƙungiyar Denver Broncos ta karɓo ɗan wasa Russell Wilson daga ƙungiyar Seattle a 2022, ta ƙara mashi kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 245. Abu bai yi ba. A watan Maris na 2024 ta sallame shi, aka bar ta da miliyan 85 a littafi, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Kafin nan mafi girma shi ne miliyan 40.5 da Atlanta ta ɗauka a kan Matt Ryan a 2022, kun ga an ninka har da ɗoriya. Denver ta raba: 53 a 2024, 32 a 2025. Ku auna 53 da 255.4. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na gejin shekarar ya tafi a kan mutumin da ke sanye da rigar Pittsburgh, yana karɓar mafi ƙarancin albashi a can, don Denver ce ke cika mashi sauran.

7/ Yanzu sunaye. Ƙanena ya ce ai a sauƙaƙe: mataccen kuɗi. Baba mai shayi, da muka ɗauka ba ya sauraro, ya ɗago gwangwanin da yake tara canji ya zazzage a kan tebur. Ga wata ɗari biyu an ɗaure ta da salatif a tsakiya, ga hamsin da rabin lambarta ya ɓace. Ya ce, "Ɗan nan, ga mataccen kuɗɗi nan. Wanda ka miƙa aka ƙi amsa." Gaskiyarsa. Duk wanda ya ga farkon 2023, lokacin da aka wayi gari ana gudun tsofaffin dubu-dubu, in ka ce mashi kuɗi sun mutu abin da zai gani ke nan. Dalolin Wilson kuwa da ransu, suna kashuwa ko'ina.

8/ "Kuɗin sallama" shi ne ya fi samun magoya baya, kuma shi na fi jin tsoro. Kuɗin sallama sabon kuɗi ne da ake ba ma'aikaci ranar da zai tafi. Shi ya dace da irin rabuwar da muka saba gani a Turai, inda ake zama a sasanta a yaga kwantiragi, kamar yadda Arsenal ta rabu da Özil a 2021 da Aubameyang a 2022. A namu batun, mafi yawan lokuta an biya tun tuni. Lissafin ne ya biyo baya. In muka ce kuɗin sallama, mai sauraro zai tafi da fahimtar da ba ita ba, kuma ba zai san ya ɓata ba, wanda ya fi rashin fahimta muni.

"Asara" ta yi faɗi, har ƙwallon da aka ci ku asara ce. "Bashi" kuma sai an tambayi wa ake bi, alhali babu mai bin kowa. "Albashin fatalwa" ya ba mu dariya, amma zai kai tunani ga ma'aikatan bogi, a nan kuwa babu sata, komai a rubuce yake kowa na gani.

9/ Wani abokinmu ya kawo "ciyarwar idda", wai an rabu amma ɗawainiya na nan. Hoton ya zauna, ban musa ba. Malam da ke koyarwa a Islamiyyar unguwarmu ya gyara zama ya ce, "A'a, ku bar wannan inda yake. Ba a ɗauko hukuncin aure a kai filin ƙwallo." Muka ce Allah gafarta Malam, an bari. Ko ba don haka ba ma, ita ciyarwa ce ake yi yanzu, ta koma layin kuɗin sallama.

10/ Wanda ya warware mana shi ne Alhaji dillalin filaye, mutumin da bai san ko ƙwallon doguwa ce ko zagayayya ba. Ya saurari lissafin miliyan 20 ɗin nan har ƙarshe, ya ce in sake. Na sake. Sai ya nuna tsallaken titi da sandar tocilansa. Akwai wani gini a wurin da ya kai linta aka bar shi, bulo ya yi baƙi, tumfafiya ta fito ta taga, awaki ke kwana ciki. Ya ce, "Wancan ne kuke ta faɗa. Mai shi ya kashe kuɗinsa tun tuni, ba yau ba. Babu mai kwana ciki. Amma in za a auna filinsa sai an auna da shi, kuma ba shi da inda zai sa wani ɗaki sai ya kawar da shi. Kango ke nan."

Kuɗin kango. Abu ukun da muke nema duk suna ciki: an riga an kashe, babu kowa a ciki, kuma ya tare wuri.

11/ Na gwada ta a jimla, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta kwana biyu a bakin mutane. "Denver ta kwashi kangon miliyan 85." "In suka sallame shi bana, kangon nawa ne?" "Sun raba kangon shekara biyu." "Gejinsu duk kangaye ne, ba za su iya sayen kowa ba." Duk sun tafi sumul, har ma an iya yar da "kuɗin" a bar "kango" shi kaɗai.

12/ Wani daga Daura ya rubuto cewa kufai ya fi kango daɗin ji. Na gode, Yallaɓai, kuma na yi ta juya shi. Matsalar, kufai an tashi an bar shi fili, manoma ma rububinsa suke yi don ƙasarsa ta sha taki. Bai tare komai ba. Kango kuwa yana tsaye.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce kango ana iya ƙarasa shi a shiga, wannan kuwa ba a dawo da shi. Hajiya, wannan ƙorafin ya kama, ban da amsar da ta wuce cewa kowace kalma tana da inda ta gaza. Ta Turancin ma ai kuɗin ba su mutu ba.

13/ Saura guda da ban tsayar ba: ranar 1 ga Yuni ɗin nan. Ƙanena na cewa "sallamar bayan Yuni", ni ina ganin "sallamar rabin kango" ta fi faɗin abin da ke faruwa, sai dai ba rabi ba ne daidai, 53 da 32 ne. Alhaji ya ce shi dai a rubuta cewa kalmar tasa ce, kuma la'adarsa shayi mai madara biyu. Na biya na jiya.