Abokin karatuna a Manila yana fama da shabu, ta ina zan fara?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun aikin jinya a Manila. Akwai ɗan ajinmu, ɗan Filifin, mai neman maza ne kuma bai taɓa ɓoye min ba. Ya faɗa shan shabu, wato ƙwayar methamphetamine, ta hannun waɗanda yake haɗuwa da su a manhajar waya, inda ake sha kafin a sadu. Ya daina, ya koma, yanzu ya sake dainawa. Wuni yake yana barci, in ya tashi ya cinye tukunyar shinkafa, sai kuka ba dalili. Ya ƙi zuwa cibiyar gwamnati, wai sunansa zai shiga jerin 'yan ƙwaya na unguwa. Mahaifiyarsa ba ta san komai ba. Me zan yi masa?

Dakta, daga Sebu: Wa alaikumus salam ƙanena. Barcin da cin abincin nan, haka jiki ke yi in an yanke shabu, kuma suna raguwa cikin 'yan makonni. Kukan ne abin lura. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. In ya ce e, kira 1553, layin agajin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, nan take. Shabu ba ta da wani maganin maye gurbi irin na masu shan hodar heroin, zaman likitan ƙwaƙwalwa da taron masu dainawa ne ke aiki. Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu daina shan ƙwaya, na zama a Manila, ba sa neman cikakken suna. Sannan ka raka shi asibitin ƙungiyar LoveYourself ya yi gwajin HIV, kyauta ne, dokar 2018 kuma ta hana fallasa sakamako.

Abu Hanif: Malam, karatu ya kai ka. Ka yi masa nasiha ka ja jikinka.

Anti Hauwa: Haba Abu Hanif, mai koyon jinya zai zaɓi wanda zai yi jinya? Ɗana, riƙe shi, amma kar ka ba shi kuɗi a hannu. Abinci yake so, saya masa. Kuma maganar mahaifiyarsa tasa ce, kar bakinka ya riga nasa.

Baban Ummi: Tsoron jerin nan ba shirme ba ne. Daga 2016, lokacin mulkin shugaban ƙasa Duterte, 'yan sanda da kansu sun amsa cewa an kashe sama da mutum 6,000 a yaƙi da ƙwaya. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2002 ta yarda mutum ya miƙa kansa don magani, sai dai ta kotu ake bi, shi ya sa da yawa ke farawa da likita mai zaman kansa. Ni dai a ganina wayar ce babbar matsala. Muddin manhajar na nan, tsakar dare wani zai turo masa saƙo. Ya goge ta, ya canja layi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ya yarda da gwajin, Asabar za mu je. Layin ne ya ce ba zai canja ba, saboda da shi 'yar uwarsa ke turo masa kuɗi daga Dubai. Akwai wata dabara?