Zan iya amfani da hirar gurup ɗinmu a bincikena?

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a nan Sakkwato, bincikena kan matan aure ne masu sana'a daga cikin gida ta waya. Shekara uku ke nan ina cikin wani gurup na WhatsApp, mun kusa ɗari huɗu: masu turaren wuta, masu atamfa, uwayen adashi. Duk abin da nake nema yana ciki. Sai dai ba ciniki kaɗai ake yi ba. Jiya da dare wata ta turo murya tana kuka, wai maigidanta ya karɓe kwasar adashinta ya haɗa lefen amarya. Har na kai hannu zan adana, sai jikina ya yi sanyi. Admin ta ce ba komai in dai zan canza suna. Hakan ya wadatar?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ƙanwata. Gurup ne na admin, sirrin mutane ba nata ba ne. Canza suna kuwa a garin nan wasa ne. Ki rubuta "mai turaren wuta a Runjin Sambo, mijinta direban tanka, ya yi amarya bayan salla", ko Ladi kika kira ta, uwar mijinta za ta gane ta tun ba a kai ƙarshen layi ba. Ki sanar a fili cewa bincike kike, sannan ki bi kowacce ta bayan fage ki nemi izini. Wadda ba ta karatu ki yi mata bayani da murya, ta amsa da murya. Ki kuma tuna tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, lambar waya da muryar mutum duk suna ciki.

Ɗan Gawon Nama:
Yallaɓai, in ta sanar ai kowa zai kama bakinshi, binciken ya tashi a banza. Abin da mutum ya faɗa gaban mutum ɗari huɗu ina sirri a nan?

Baban Khalifa:
Gaban 'yan uwanta mata ta faɗa, ba gaban malaman da za su duba kundi ba. Majalisa amana ce. A 2014 da aka gano Facebook ya yi gwaji kan mutum kusan 689,000, yana sauya abin da suke gani don auna yanayin ransu, rashin tambayarsu ne ya jawo ce-ce-ku-ce.

'Yar Mabera:
Na gode, Malam. Na tura sanarwar bayan la'asar. Gurup ya yi tsit, sai ga wata Hajiya: "Ashe da ɗan leƙen asiri muke zaune?" Tara sun yarda in je gidajensu mu tattauna. Mai kukan jiya ta kira ni da kanta, ta ce in rufa mata asiri, ta kuma goge muryar.