Tankin gidan hayarmu na ƙarewa da wuri, yoyo ne ko ɓarnar 'yan haya?

Maigida_Gesse:

Assalamu alaikum jama'a. Ina kula da gidan hayar mahaifinmu a unguwar Gesse, Birnin Kebbi, iyali huɗu ne a ciki. Burtsatse gare mu, da tanki mai lita 2,000 a sama. A da sau ɗaya muke tayar da injin a rana, ya ishe kowa. Tun bayan ƙaramar salla sai an cika sau biyu, in babu wuta kuma sai janareta, kun dai san kuɗin mai yanzu. Bara na sa mita a bututun da ke saukowa daga tanki don a riƙa raba kuɗin mai da adalci, amma gaskiya tun da aka sa ta ban ƙara leƙa ta ba. Na zargi amaryar da ta tare a sashen baya da yawan wanki, har mun yi 'yar maganar da ba ta yi daɗi ba da mijinta. Na zagaya gidan kaf, ban ga inda ƙasa ta jiƙe ba. Ta yaya mitar nan za ta nuna mini ko yoyo ne, kafin in kira wanda zai fasa mini siminti?

Fulamba_Jega:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka fasa komai tukuna, aikin dare ɗaya ne. Buɗe murfin mitar. Baƙaƙen lambobi kubik mita suke ƙirgawa, kowane ɗaya lita 1,000 ne. Jajayen, ko 'yan agogunan da ke ƙasa, su ne ke ƙirga litoci. A tsakiya kuma akwai wata 'yar ƙafa mai kama da tauraro, ita ke juyawa da zarar ruwa ya motsa. Ka sa a rufe kowane famfo a gidan, ka tsaya ka zuba mata ido minti biyar. In tana tafiya, ruwa na fita wani wuri.

Sannan ka roƙi 'yan haya su ɗebi ruwan alwala da na ban ɗaki a bokiti tun da dare. Ka ɗauki hoton mita da waya ƙarfe 11, ka sake ɗauka kafin kiran assalatu. Bambancin lambobin shi ne yoyonka, tunda amarya ba ta wanki tana barci.

Maganar ba ka ga danshi ba, wannan ba hujja ba ce. Inda ƙasa ke da rairayi ruwan ƙasa yake nutsewa, sama ta bushe ƙayau, balle da zafin da ake yi. Na taɓa tone bututun da ya yi watanni yana zuba, abin da kawai ya tona masa asiri shi ne wata ciyawa da ta yi kore shar a jikin katanga, alhali ko'ina ya bushe.

Hajiyar_Samaru:

Malam mai tambaya, kafin ka tafi neman bututu a ƙarƙashin ƙasa ka fara da masai na zamani. Mu nan Gusau abin da ya cinye mu ke nan. Robar da ke toshe gindin tankin masan ta tsufa, ruwa na ta silalewa cikin kwanon dare da rana, ba ƙara ba komai, ya wuce sokawe. Ni da bulun wanki na gane. Na zuba a cikin tankin masan, na hana yara shiga, bayan kamar minti ashirin sai ga shuɗi a kwanon ba wanda ya ja ruwa. In babu bulu ko zoɓo mai kauri ya yi. Robar ba ta da wani tsada, sokawen da ya cika kafin lokacinsa shi ne ya ci mana kuɗi.

Kuma don Allah ku daina fara ɗora wa mata laifi.

Ɗan_Kabi:

Shawarwarin da anka bayar sun yi. Abu biyu zan ƙara. Ruwan da ke saukowa daga tanki ba shi da ƙarfi sosai, kuma ƙananan mitocin nan ba su jin ɗigo in ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sai ka ga tauraron a tsaye alhali famfo na ɗiga. Kada a raina ɗigon: ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa ya kai kusan lita 30 a yini, ya fi jarka guda ke nan, a shekara kuwa ya haura lita 10,000. Don haka ka haɗa da hawa saman tanki ka yi alama da alli inda ruwa ya tsaya. In da safe ruwa ya sauka amma mita ba ta gusa ba, to ko ɗigo ne, ko matsalar tana jikin tankin, ko tsakaninsa da mita.

Na biyu na masu ruwan gwamnati ne. In an ɗauke ruwa aka maido, iskar da ta taru a bututu na iya juya mita kafin ruwan ya iso. Kada mutum ya yi gwaji a lokacin, ya bari ruwa ya daidaita.

Maigida_Gesse:

Na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren Talata na yi gwajin. Daga ƙarfe 11 zuwa 5 na asuba mita ta ci lita 380, kowa na barci. Da na lissafa, sama da lita 60 ke nan a awa, kusan 1,500 a yini, wato jarka sittin masu lita 25. Ashe kashi uku cikin huɗu na tanki guda ƙasa muke shayarwa kullum, ni kuma ina sayen mai.

Hajiya, na gwada bulun a masai uku, ɗaya ya nuna, kuma na sashen ƙanena ne, ba na amarya ba. Amma da muka rufe bawul ɗinsa tauraron ya rage gudu ne kawai, bai tsaya ba. Sai muka bi sashe-sashe muna rufewa, yaro na tsaye kan mita yana faɗa mana. Da aka rufe layin da ke zuwa famfon tsakar gida sai ya tsaya cak. Taku uku kawai aka tona, kusa da darbejiyar da Baba ya shuka, aka tarar saiwa ta ture gwiwar bututun roba ta tsage. Mai gyara bai yi awa biyu ba ya gama. Jiya sau ɗaya muka tayar da injin, kuma har magariba akwai ruwa.

Na je na bai wa ango haƙuri, ya yi dariya ya ce a cire masa kuɗin man wata biyu. Muna kan magana.

Fulamba_Jega:

Madalla. Ka samu littafi ka riƙa rubuta lambar duk Juma'a bayan masallaci, in mako ya zarce na baya da yawa ka sake gwajin dare. Kuma ka sa bawul a bakin kowane sashe in akwai wanda babu. Ita kuwa darbejiyar, ka zagaye da bututun nesa da ita, don saiwar za ta dawo.